Baba ya ce bashin karatu haramun ne, in nema a ɓoye?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 19, haifaffiyar Agege, amma iyayena mutanen jihar Katsina ne. Bana Allah ya ba ni gurbin karatu a wata jami'ar gwamnati a nan Legas, zan karanta aikin akanta. Babana albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, mu bakwai ne a gabansa, kuma ni ce ta fari da ta kai wannan matakin. Ya biya kuɗin karɓar gurbi, amma kuɗin rajista ya gagara. Da na kawo masa maganar bashin karatu na NELFUND, hukumar gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashi, sai ya ce kada in sake tayar masa da ita. Ya ce kuɗin ruwa ne, shi bai taɓa cin bashin banki ba, kuma idan na yi aure wa zai biya, shi ko mijina? Wani mai shagon kwamfuta a unguwarmu ya ce in kawo naira 15,000 da BVN ɗina zai cike mini komai, tunda ba a neman sa hannun uba. Saura sati uku a rufe rajista. Anti, in nema a ɓoye? Ba na son saɓa wa Baba, kuma ba na son gurbin nan ya wuce ni.

'Yarki daga Agege

Wa alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, Allah ya sa albarka a gurbin nan. Na san abin da yarinya take sha kafin ta kai nan, ga ɗawainiyar ƙanne, ga wanke-wanke, ga karatu da fitilar waya idan an ɗauke wuta. Kin yi ƙoƙari.

Amsata ita ce ki nemi bashin, amma ba a ɓoye ba. Kuma kafin mu je ga Baba, bari in raba ki da mai shagon nan, don shi ne haɗarin da ya fi kusa da ke.

Neman bashin NELFUND kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Shafin hukumar shi ne nelf.gov.ng, kuma da wayar hannunki za ki iya cike fom ɗin. Idan wayar ba ta da ƙarfi, ki je shagon kwamfuta ki biya kuɗin zama na awa ɗaya ko biyu, ki zauna da kanki a gaban na'urar, ki shigar da komai da hannunki, in kin gama ki fita daga shafin kafin ki tashi. Imel ɗin da za a yi amfani da shi ya zama naki, lambar waya taki, asusun banki mai sunanki. Duk wanda ya riƙe imel da kalmar sirrinki, shi ya riƙe bashin, amma ke za ki biya. Lambar nan da banki ke turowa ta waya kuwa, ko ɗan uwanki na jini kada ki karanta masa. Kuma ki lura da abin da ya jawo ki da shi: ya ce ba sai uba ya sani ba. Mutumin da ya fara ciniki da yarinya ta hanyar raba ta da ubanta, ba alherinta ne a gabansa ba.

To, mu dawo kan Baba. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: shi ya biya kuɗin karɓar gurbi. Uban da ba ya son 'yarsa ta yi karatu ba ya cire kuɗi daga jarin albasa ya yi haka. Ashe ba jami'a yake ƙi ba. Tsoro yake ji, kuma tsoron nasa kashi uku ne: na addini, na gwamnati, da na ranar da za ki bar gidansa da bashi a wuyanki. Kowanne yana da amsa, kuma ba duka ne Baba ya yi kuskure a kansu ba.

Na addinin shi ne mai sauƙi. Abin da shari'a ta haramta shi ne a ba mutum goma a ce ya dawo da goma sha ɗaya saboda kuɗin sun kwana a hannunsa. Bashin NELFUND, a yadda doka ta tsara shi, babu ruwa a cikinsa. Abin da aka biya miki, shi za ki mayar, ko da bayan shekara goma ne. Bashi kansa ba haramun ba ne. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umurni da a rubuta shi a kafa shaidu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa. Amma kuma shi ne yake yawan neman tsari daga nauyin bashi, har ya taɓa dakatawa daga sallatar gawar wanda ake bi bashi sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya. Baba ya taso yana jin wannan a wurin wa'azi, shi ya sa kalmar kaɗai take tayar masa da hankali. Fatawa aikin malamai ce, don haka kada ki tsaya musun addini da mahaifinki. Ki buga sharuɗɗan bashin a takarda, a kai wa limamin da Baba ya yarda da shi, shi ya karanta ya faɗi hukunci.

Akwai kuma wata hujja da ke cikin sana'arsa. Duk wanda ya taɓa shiga Mile 12 da asuba ya ga yadda ake yi: tirela ta iso daga Aliero ko Sakkwato, 'yan dako na sauke buhuna, dillali na tsaye da ɗan littafinsa da ya sha datti, yana rubuta wane buhu biyar, wane buhu goma. Da yawansu ba a lokacin suke biya ba, sai an sayar. Kasuwar nan a kan amana da bashi take tafiya, Hausawa kuwa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da Baba yake gudu shi ne bashin banki mai haihuwa, wanda ya ga ya cinye jarin mutane a gaban idonsa. Wannan kuwa ya fi kama da na dillalin: an ba ki kaya, ki biya idan kin sayar.

Tsoron gwamnatin kuma ina kyautata zaton na san inda ya samo shi. Doka biyu aka yi, ba ɗaya ba. Ta farko Shugaba Bola Tinubu ya sa mata hannu ranar 12 ga Yuni, 2023, kuma tana da tsauri ƙwarai. Sai abin da iyali ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, sai ɗalibi ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, irin babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya shekara goma yana aiki, ga tanadin ɗauri ko tara ga wanda ya ƙi biya. Ina ɗan mai albasa zai samo irin waɗannan mutanen? Labarin nan ne ya bazu a rediyo da majalisun kasuwa, kuma shi ne ya zauna a kan mutane. Amma an soke waccan dokar. Ranar 3 ga Afrilu, 2024 aka sa hannu a kan sabuwa, wadda ta cire sharaɗin kuɗin shiga na iyali, ta cire masu tsayawa, ta kuma daina hana ɗa saboda bashin da ake bin iyayensa. An buɗe shafin neman ranar 24 ga Mayu, 2024, aka fara da makarantun tarayya, daga baya na jihohi suka shigo. Saboda haka ba za a nemi rumfar Baba ba, ba gonarsa ta gida ba, ba sa hannunsa ba. Ki kuma gaya masa cewa ba abin 'yan Kudu ba ne kaɗai. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna cikin makarantun da ɗalibansu suka fi neman bashin nan tun da aka fara.

Sai dai kada ki ɓoye masa inda yake da gaskiya. Wannan bashi ne na gaske, kuma an ɗaure shi da BVN ɗinki. Cikin abin da za ki amince da shi wajen cike fom akwai tsarin da ake kira GSI, wanda Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2020, mai ba da damar a ciri kuɗi daga kowane asusu da ke ɗauke da BVN ɗin mutum idan lokacin biya ya yi ya noƙe. Za ki ji wasu ɗalibai suna cewa ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne, wa zai biya. Kada ki bi su. An taɓa kafa hukumar ba ɗalibai bashi a ƙasar nan a 1972, kuma rashin biya yana cikin abin da ya durƙusar da ita, waɗanda suka zo daga baya suka tarar da ƙofa a rufe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ki shiga da niyyar biya, ko kada ki shiga.

Yanzu tambayarsa ta uku, wadda a ganina ita ce ta fi damunsa, ko da ya sa ta a ƙarshe: idan kin yi aure wa zai biya? Ke ce. Bashin ba ya komawa kan uba, ba ya komawa kan miji. Doka ta ce ba za a fara bin ki ba sai shekara biyu bayan kin gama bautar ƙasa. Ki lissafa: shekara huɗu ta karatu, ɗaya ta bautar ƙasa, biyu na jira, bakwai ke nan, ko da yajin aiki bai ƙara ko wata ɗaya ba. Kina da shekara 26 kafin a ce ki kawo naira ɗaya. Idan kina aikin albashi, kashi 10 cikin 100 za a riƙa cirewa tun daga wurin aikin. Idan sana'ar kanki kike yi, kashi 10 cikin 100 na ribar wata za ki riƙa turawa. Idan lokacin ya yi ba ki da aiki ba ki da wani abin shiga, za ki yi takardar rantsuwa a kotu ki nemi a ɗaga miki ƙafa. Wanda ya yi ƙarya a wannan rantsuwar shi ne doka ta tanadar wa ɗaurin shekara uku. Idan kuma mutuwa ta zo, dokar ta yi tanadin yafe bashin.

Duk da haka ina so ki riƙe wani abu. Ranar da maganar aure ta taso, tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa, ki gaya wa mutumin cewa akwai bashin karatu a kanki, kuma kina da niyyar yin aiki ko sana'a ki biya. Na ga 'yan mata da yawa da suka gama digiri aka ce su ninke takardar su sa a ƙasan akwati. Ke ba za ki iya haka ba, don akwai haƙƙi a wuyanki. Wannan magana Baba zai fi kowa fahimtarta, kuma za ta nuna masa cewa kin yi tunanin abin har ƙarshensa.

Mu zo ga lissafi, tunda akanta za ki zama. Bashin kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ba zai taɓa biyowa ta hannunki ba, kai tsaye ake tura wa jami'ar. Akwai kuma kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, da ke shiga asusunki. Na biyun ba dole ba ne, kina iya neman na makaranta kaɗai. Kuma ba sau ɗaya ake nema a gama ba, kowace shekarar karatu sai an sabunta.

Ba ki faɗa mini nawa ne kuɗin rajistarku ba, don haka mu ɗauka naira 150,000 ne a shekara. Shekara huɗu 600,000. Idan kin sami aikin naira 100,000 a wata, za a riƙa cire 10,000, ki gama cikin wata 60, wato shekara biyar. Yanzu ki ɗora kuɗin kashewa, a ce an ba ki na wata goma a kowace shekara: 200,000 sau huɗu, 800,000. Jimla ta koma 1,400,000. A kan wancan albashin, wata 140 ke nan, shekara goma sha ɗaya da wata takwas. Kin ga ɗan alat ɗin nan na wata-wata da ba a jin nauyinsa, shi ne ya fi kuɗin makarantar kansa yawa.

Ba ina cewa kada ki karɓa ba. Naira 20,000 idan aka raba ta kwana 20 na zuwa aji, 1,000 ce a rana, kuma kin fi ni sanin abin da danfo ke ci daga Agege zuwa Yaba ko Ojo, zuwa da dawowa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 yana tsayawa a Agege da Yaba, ya rage wa wasu zaman go-sulo, amma shi ma da kuɗi ake hawansa. Kuɗin ba za su ishe ki mota da abinci da takardu ba, rage zafi ne kawai. Idan gida za su iya ɗaukar kuɗin motarki, ni da za ki ji tawa, da kin tsaya a kuɗin makaranta a shekarar farko ki ga yadda za ta kaya. Idan kuwa rashin kuɗin mota zai sa ki riƙa fashin aji, ko ki riƙa miƙa hannu ga samari, to ki karɓa ba tare da wata kunya ba. Abu ɗaya da ke taimakon mai irin wannan bashin shi ne, tunda ba ya haihuwa, kuma darajar naira tana raguwa, 600,000 ta shekara bakwai nan gaba ba za ta yi nauyin ta yau ba. Kuma babu abin da ya hana ki biya da wuri idan Allah ya buɗa.

Kin ga dalilin da ya sa ɓoyewa ba za ta yiwu ba? Ranar da kika ce wa Baba an gama rajista, tambayarsa ta farko ita ce da kuɗin wa. Za ki ce wata ƙawa, ko wani tallafi, sannan baɗi ki sake ƙirƙiro wani labarin, haka har shekara huɗu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma ranar da ya gano, a Agege inda magana ba ta kwana, ba bashin zai gani ba. Abin da zai gani shi ne jami'a ta koya wa 'yarsa yi masa rufa-rufa tun kafin ta shiga aji. Wataƙila ya cire ki, wataƙila ya bar ki, amma ƙannenki mata da ke tasowa su za su biya kuɗin wannan, don kowace ta zo da maganar jami'a ke za a tuna. Ke ce ta fari, hanyar da kika bi ita za a ce musu su bi ko kada su bi. Ban da haka ma, kina buƙatarsa. Bashin ba ya zuwa ranar da aka nema, yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma a tsakanin nan wa za ki juya gare shi in ba shi ba?

Wannan ya kawo mu ga sati ukun da suka rage miki, kuma a nan nake so ki yi sauri. Gobe-goben nan ki je makarantar, ofishin kula da harkokin ɗalibai, ki tambaya ko an tura sunanki ga NELFUND, domin idan jami'a ba ta ɗora bayananki ba shafin ba zai gane ki ba, kome kika yi. Ki tambaya ko an buɗe neman na wannan shekarar karatun. Ki tambaya ko suna barin wanda ya nemi bashin ya yi rajista kafin kuɗin su iso, ko suna karɓar biya kashi-kashi. Ki rubuta sunan ofishin da ranar da kika je. Idan suka ce dole sai an biya tukuna, to a nemo na wannan karon ta hanyar adashen Mama ko rance a wurin dangi, idan kuɗin hukumar suka iso makaranta ki nemi a mayar muku da naku. Ki adana kowane rasit kamar takardar fili, ki ɗauki hotonsa a waya, ki yi kwafi biyu. A 2025 hukumar wayar da kan jama'a ta ƙasa, NOA, ta fito ta koka cewa wasu makarantu suna karɓar kuɗin ɗalibai daga asusun ba tare da sun sanar da su ba, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bincike. Saboda haka ki riƙa leƙa shafinki, ranar da ya nuna an biya ki ɗauki hotonsa ki nufi ofishin kuɗi na makaranta.

Takardun da za ki tanada ba su da yawa: lambar rajistar JAMB, takardar shaidar samun gurbi ta JAMB, NIN, BVN, lambar ɗalibi da makaranta ta ba ki, da asusun banki mai sunanki. Amma a nan ne yaranmu suka fi tuntuɓe, saboda yadda ake rubuta sunayenmu. Wuri ɗaya Aisha, wani wurin Aishatu. Nan Muhammad, can Mohammed. A wata takardar sunan uba ne a ƙarshe, a wata sunan kaka ko na gari. Tun 2021 JAMB take karɓar bayanan ɗalibi daga NIN, don haka waɗannan biyun sukan yi daidai, BVN ne yakan bambanta. 'Yar maƙwabciyata a Idi-Araba sau uku shafin yana mayar da ita. Ta zo ɗakina da waya a hannu, idonta ya yi ja, tana cewa an hana ta ne don ita 'yar Arewa ce. Muka zauna a kan tabarma muka jera takardunta ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi ranar da aka buɗe mata asusu an rubuta mata 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, alhali a NIN watan Maris ne. Sai da ta yi takardar rantsuwa a kotu, ta yi jeka-ka-dawo a banki kusan sati biyu kafin a gyara. Ke ba ki da sati biyun zubarwa. Ki buga *565*0# a layin da kika yi rajista da shi ki ga lambar BVN ɗinki, *346# kuma na NIN ne, sannan ki shiga banki ki ce a nuna miki yadda sunanki da ranar haihuwarki suke a rubuce, harafi bayan harafi.

Wani abin da ya sa nake ƙarfafa miki gwiwa a kan wannan bashin shi ne halin da 'ya'yan Hausawan Legas suke ciki. Tallafin karatu na jihar Legas na 'yan asalin jihar ne, ke kuwa ko da a Agege aka binne cibiyarki, takarda ta ce ke 'yar Katsina ce. Can gida kuma ba a san fuskarki ba. NELFUND ba ta tambayar wannan. Kowane ɗan Najeriya da ke makarantar gwamnati, ko Jami'ar Legas ce ta Akoka, ko LASU ta Ojo, ko kwalejin fasaha ta Yaba, yana da haƙƙin nema, masu zaman kansu ne kawai ba sa ciki. Amma kada ki bar na gida ya wuce ki. Ki sa kawunki ya karɓo miki takardar shaidar zama 'yar asalin ƙaramar hukumarku, ki yi rajista da hukumar ba da tallafin karatu ta jihar Katsina, ki shiga ƙungiyar ɗaliban jiharku a makaranta don ki riƙa jin lokacin da ake buɗewa. Wannan kyauta ce, ba a mayarwa, ko da ba ta da yawa kuma ba ta zuwa a kan kari. Idan kin riƙe maki mai kyau, daga shekara ta biyu akwai na hukumar tallafin karatu ta tarayya. Duk abin da ya shigo ta nan, ki rage bashin baɗi da shi.

Saura yadda za ki tunkari Baba. Ya ce kada ki sake tayar masa da maganar, to kada ki tayar da kanki. Ki fara da Mama, ku biyu, ki yi mata bayanin nan dalla-dalla har ta iya maimaita shi. Ita ta san lokacin da yake da sauƙin kai, kuma ba lokacin da ya shigo daga kasuwa da ƙurar albasa a rigarsa ba ne. Sai a sami babba ɗaya da yake jin nauyinsa, wansa ko limamin masallacinku ko wani dattijo a cikin 'yan kasuwarsu, musamman wanda ɗansa ya riga ya karɓa. Gani ya kori ji. Idan an kira ki, ki durƙusa ki gaishe shi, kada kalmar "ba ka gane ba" ta fito daga bakinki. Ki ce, "Baba, ga abin da na binciko, ina so ka duba mini, in akwai haram a ciki na haƙura." Ki miƙa masa lissafin nan a rubuce da hannunki, da ainihin kuɗin makarantarku a maimakon nawa na misali. Ɗan kasuwa ne, lamba ta fi dogon bayani shiga kansa. Ki faɗa masa maganar GSI da bakinki kafin wani ya faɗa masa. Sannan ki bar masa hukunci a kan kuɗin kashewa, in ya ce a bar shi a bar shi. Ranar cike fom kuma ki roƙe shi ya zauna kusa da ke, ki riƙa karanta masa kowane layi kina fassarawa, shi ya ce bismillah kafin ki danna.

Idan bayan duk wannan, har liman ya ce babu laifi, ya tsaya a kan bakansa, to babban da aka kawo ne zai tambaye shi, cikin girmamawa, ta ina za a samo kuɗin kafin ranar rufewa. Wani lokacin uba yakan gwammace ya sayar da wani abu ko ya karɓi rance a wurin abokin kasuwa da ya ga sunan 'yarsa a littafin bashin gwamnati. In ya zaɓi haka ki karɓa da godiya, baɗi a sake zama, tunda ƙofar ba ta shekara ɗaya ba ce. In kuma babu ko ɗaya, kada ki zauna ranar ta wuce ki shiru. Ki tambayi ƙa'idar ɗage gurbi zuwa shekara mai zuwa a makarantarku, ki rubuta takardar nema kafin a rufe, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

Daren yau ki fito da takardunki ki jera su ki duba sunayen. Gobe da safe makaranta, da yamma Mama. Ki rubuto mini abin da ofishin suka ce da abin da liman ya ce, ina jira.